Fotfoliyon da ya ƙi buɗewa a Sharada

Makon jiya ƙanen wani abokina, ɗalibin zane da ke shekararsa ta ƙarshe, ya turo mini adireshin sabon fotfoliyonsa, wato shafin da mai zane ke baje kolin ayyukansa don masu ba da aiki su gani. Ya ce, "Yaya, don Allah duba min. Wata uku na yi ina sake masa fasali." Na buɗe a kwamfuta. Gaskiya yaron ya iya. Bango baƙi wuluk, sunansa na shigowa harafi bayan harafi, wani ƙwallo mai kama da gilashi yana bin linzamin kwamfuta duk inda ya nufa, in ka ja shafin ƙasa hotuna su riƙa zamewa gefe kamar ana buɗe labule. Sai na ɗauko tsohuwar itel ɗin da nake ajiyewa musamman don gwaji, na buɗe shafin da data. Na ƙirga har arba'in ban ga komai ba sai wata 'yar da'ira tana juyawa.

Ban yi masa dariya ba, domin an taɓa yi mini wannan gwajin a gaban idona, kuma wanda ya yi mini shi bai ma san gwaji yake yi ba.

Shekara uku da suka wuce aka haɗa ni da wani kamfanin robobi a Sharada, masu yin bokitai da butoci da kujeru. Suna son shafin intanet. Na hau adaidaita sahu da kwamfutata a jaka, na shirya jawabi tun daga gida. Manajan kasuwancinsu, dattijo mai furfura, bai ma bari na zuge jakar ba. Ya ce, "Yaro, turo min ta WhatsApp in gani a nan." Na tura, ya danna. Ofishin yana can cikin wani dogon gini mai rufin kwano, janareta na ruri a waje, sandar netwok ɗinsa biyu. Ni da shi muka zuba wa wayar ido. Da ya gaji ya kife ta a kan tebur, ya ce, "To, in naka bai buɗu ba, namu ne zai buɗu?" Ya ce za su neme ni. Har yau ana nemana.

Da na koma gida na auna shafin nawa: megabayit 11. Bidiyo a bango, salon haruffa iri huɗu, tarin lambobin JavaScript da na kwaso don hotuna su yi motsi. Megabayit 11 daidai yake da megabit 88. A netwok mai gudun megabit ɗaya a daƙiƙa, kusan minti ɗaya da rabi ke nan kafin komai ya gama sauka, ban da lokacin da wayar za ta ɗauka tana warware lambobin. Ni kuma duk tsawon lokacin da nake ginin a kwamfuta nake dubawa, bayan burauza ta riga ta adana komai, ina yabon kaina.

Ra'ayina ke nan a taƙaice, kuma na san wasu abokan sana'a ba za su so shi ba: yawancin fotfoliyon da matasanmu ke ginawa a Kano don burge sauran masu zane ake yinsu, su kuwa masu zane ba sa ba juna kwangila.

Daga ina yayin yake zuwa?

Babu mai koya wa Bakano yayi. Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari ana saura mako biyu sallah ya san yadda atamfa ɗaya ke tashi ta kama gari, bayan wata shida kuma a neme ta a rasa mai ɗinkawa. Zanen shafi ma haka yake, sai dai shi ba a Kwari ake yanke masa hukunci ba.

Akwai lokacin da duk shafin da ya amsa sunansa sai da Flash. A Afrilun 2010 Steve Jobs ya fitar da wasiƙarsa yana bayyana dalilin da ya sa iPhone ba za ta karɓi Flash ba, a ƙarshen 2020 kuma Adobe da kansu suka rufe babinsa. Dubban fotfoliyon da aka zuba wa basira a wancan zamanin yau ba sa buɗuwa a burauzar zamani. Akwai lokacin da ake yin madannai masu inuwa da sheƙi, su yi kama da fata ko katako, har iOS 7 ya zo a 2013 ya baje komai ya zama shimfiɗaɗɗe. Google suka biyo da Material Design a 2014. Wajen 2019 zuwa 2020 aka yi yayin madannai masu laushi da suke kamar sun kumbura daga cikin bango, waɗanda mai raunin gani ba ya iya bambance su da bangon. Sai yayin gilashi. A Yunin 2025 Apple suka gabatar da Liquid Glass, masu gwaji suka yi ta ƙorafin cewa rubutu ba ya karantuwa a kansa, sai da kamfanin ya riƙa gyare-gyare. Apple ke nan, masu ƙera wayar da kansu, masu sanin irin fuskar da zanen zai hau.

Ɗalibinmu kuma a ina yake ganin waɗannan? A Dribbble da Behance da Awwwards. Ba na ƙin waɗannan wurare, ni ma ina leƙawa in wanke ido. Amma a san abin da suke. Yawancin abin da ke Dribbble hoton shafi ne, ba shafi ba: ba a taɓa loda shi a waya ba, ba a taɓa zuba masa sunan kaya mai tsawo ba, babu kwastoman da ya taɓa ɓata a cikinsa. Awwwards kuwa alƙalansa 'yan sana'a ne, masu manyan kwamfutoci da intanet mai gudu.

Abin da ya daɗe a sana'ar nan ba shi ne ya fi ƙyalli ba. A 2010 Ethan Marcotte ya rubuta maƙalarsa a A List Apart kan shafin da ke daidaita kansa da girman fuskar na'ura. Luke Wroblewski ya yi ta kira a fara zane daga waya kafin kwamfuta, har ya fitar da littafi a kai a 2011. Yau babu mai kiran waɗannan yayi, sun zama harsashin gini. Shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, baƙin rubutu ne a kan farin bango, kusan babu ado, amma shi ya ci kyautar zanen shekara ta Design Museum a Landan a 2013. Wannan labarin ba ya yawo a tsakanin ɗalibanmu, wataƙila don ba ya daɗin ɗorawa a Instagram.

Su wa ke da kuɗin biya a Kano?

Idan ka cire gwamnati da ƙungiyoyin agaji da makarantun kuɗi, manyan masu buƙatar shafi a garin nan 'yan kasuwa ne da masu masana'antu. Masana'antun kuwa galibinsu suna Bompai, wadda ta fi daɗewa, da Sharada mai kashi uku, da Challawa ta bakin kogi, inda manyan kamfanonin jima suke. Robobi, takalma, sabulu, taliya, man girki, shinkafa, lemon kwalba, buhuna, katifa, fata. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN ma rassa biyu gare ta a nan, na Sharada da Challawa, da na Bompai.

Duk wanda ya zaga waɗannan unguwanni ya ga ƙofofin da aka garƙame tun muna yara, musamman na masaƙu. Waɗanda suka rage da ƙyar suke numfashi. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar masu rukunin Band A fiye da sau uku, zuwa Naira 225 kowane yunit, ga dizal, ga canjin dala tun bayan sakin Naira a Yunin 2023. Mutumin da ke wannan lissafin kullum safiya, in ka zo masa da shafi, tambayarsa ɗaya ce: oda nawa zai kawo min? Ƙwallon gilashi ba shi da amsar wannan tambayar.

Kuma ba manajan ne zai yi amfani da shafin ba, masu sayen kayansa ne. Na lura kusan iri uku ne.

Akwai dila. Yana kasuwar Singa ko Ƙofar Wambai, ko ya taso daga Gusau, ko Maraɗi, ko Damagaram. Wayarsa Tecno ce ko Infinix ko itel, fuskarta wataƙila ta tsage, ma'ajiyarta cike da saƙonnin murya. Yana tsaye a rana, hannu ɗaya riƙe da wayar, ɗayan yana nuna wa 'yan dako hanya. Abin da yake so ya sani: wane kaya kuke da shi, guda nawa ne a dozin ko katan ko bandir, mene ne mafi ƙarancin abin da za a sayar masa, wa zai kira. Da Hausa ya fi so. Na Maraɗi ma Turancin Ingilishi ba nasa ba ne ko kaɗan, da Hausa kuka haɗu.

Akwai jami'in sayayya na wani kamfani a Legas ko Abuja. Shi takardu yake nema: lambar rajistar CAC, lambar NAFDAC in abin ci ne ko sha, shaidar SON, girman kaya da nauyinsa, adireshin imel da ake amsawa.

Sai mai sayen fata a Italiya ko Sifen. Fatar akuya da tumaki ta ƙasar nan ta daɗe tana tafiya, tun zamanin da ake ketara Sahara da ita Turawa suna kiranta fatar Maroko. Wannan mutumin yana son sanin ko kirgin ɗan jimar farko ne ko an gama shi, kaurinsa, ƙafa nawa kuke iya fitarwa a wata, da ko an tantance ma'aikatar a ƙarƙashin tsari irin na Leather Working Group. Shi intanet ɗinsa mai gudu ne, amma shi ma ba kallon fim ya zo yi ba.

Babu ko ɗaya daga cikin ukun nan da zai jira sunanka ya gama shigowa harafi bayan harafi.

Wuraren da ake gane gwani

Wani zai ce to ai wannan aikin ba ya buƙatar mai zane, jerin kaya ne kawai da lambar waya. A nan nake ganin an raina aikin. Bari in kawo matsalolin da na ci karo da su, waɗanda babu wani bidiyon YouTube da ya shirya ni dominsu.

Farashi. Masu masana'anta da yawa ba sa son a rubuta farashi a fili. Wani don kada abokin hamayya ya gani, wani don kada ya ɓata da manyan dilolinsa da ke da nasu rangwame, kusan dukkansu kuma don farashin na iya canzawa sau biyu a wata. Shi kuma dila in bai ga farashi ba ya wuce. Mafitar da ta fi yi mini aiki ita ce madanni a ƙarƙashin kowane kaya, mai amfani da hanyar wa.me, wanda ke buɗe WhatsApp da saƙo a rubuce, ɗauke da sunan kayan da lambarsa. Dila bai rubuta komai ba, ya tura kawai, ko ya bi da saƙon murya. Ma'aikacin kamfani kuma ya san ainihin bokitin da ake magana a kai, ba "wancan shuɗin" ba. Ina za a sa madannin, wane girma babban yatsa zai same shi, me za a rubuta a kai da Hausa? Wannan duk zane ne.

Wa zai sabunta shafin? Ba kai ba, don ka karɓi kuɗinka ka tafi. Wata ma'aikaciya ce a ofishin kasuwanci da ke da ayyuka goma. In sai ta zauna gaban kwamfuta ta bi matakai bakwai kafin ta cire kayan da ya ƙare, shafin zai mutu cikin wata uku. Ɓangaren da ita take gani, wanda babu mai ɗora hotonsa a Behance, ya fi fuskar shafin muhimmanci.

Amana. 'Yan damfara na buɗe shafukan Facebook da sunayen kamfanoni, su karɓi kuɗin mutane su ɓace. Don haka dilan da zai tura miliyoyi yana son tabbaci: adireshi na gaske da kwatance irin namu, ba taswira kawai ba, hoton ƙofar ma'aikatar yadda take, lambobin da kamfani ya amince da su, da gargaɗin cewa ba a biya ta asusun mutum. Kuma don Allah a daina ɗauko hotunan Turawa sanye da hular kwano suna murmushi a wata ma'aikata mai ƙyalli. Mutumin Singa ya san Sharada. Hoton injinku na gaske, ko da an ɗauka da waya, ya fi masa kwantar da hankali. A nan kuma zan yi wa 'yan uwana masu gina shafi tsokaci: a yi rajistar adireshin da sunan kamfanin, ba da sunanka ba. Na gaji wani aiki inda wanda ya gina shafin farko ya bar gari da kalmomin sirri, kamfanin ya rasa adireshin da ke buge a jikin katan-katan ɗinsa. Adireshin .com.ng, wanda NiRA ke kula da shi, da Naira ake biyansa, babu dalilin wahala.

Rana. Rubutu siriri mai ruwan toka a kan farin bango yana kyau a ɗaki mai sanyi. Fita da shi bakin titi da azahar a watan Afrilu ka gani. Ƙa'idojin WCAG sun nemi bambancin haske na aƙalla 4.5 zuwa 1 tsakanin rubutu da bango. An yi su ne musamman don masu raunin gani, amma a ranar Kano kowa mai raunin gani ne.

Sai wadda ta fi ci mini rai: haruffanmu. Ɗalibi zai zaɓi salon haruffa mai tashe, wanda 'yan sana'a ke kira font, ya gwada shi da Turanci, ya ga ya yi kyau. Ranar da aka zuba Hausa sai ƙ da ɗ da ɓ su fito daban, sirara ko karkatattu a tsakiyar kalma, wani lokaci ma akwati ne zai bayyana a gurbinsu. Dalili shi ne wanda ya zana salon bai zana masu lanƙwasa ba, sai burauza ta aro su daga wani salon. Alamar ₦ ma haka take sha. In kuma kana rubuta wa mutanen Nijar, akwai ƴ, da suke amfani da ita inda mu muke rubuta 'y. Gwajin bai fi minti ɗaya ba: rubuta Ƙ ƙ Ɗ ɗ Ɓ ɓ Ƴ ƴ ₦ da salon da ka zaɓa, da kaurinsa da siririnsa, kafin ka ƙaunace shi. Noto na Google yana da su, Andika da Charis na SIL ma haka.

Akwai kuma tarkon da ke biye da wannan. Yawancin mutane ba sa rubuta masu lanƙwasa a waya. In ka rubuta "ƙofa" a jerin kaya, dila zai nemi "kofa", akwatin bincike ya ce babu. Dabarar da masu shirya manhaja ke bi don cire ɗigo da alamun da ke kan haruffan Faransanci ba ta aiki a nan, domin a tsarin Unicode ƙ harafi ne mai zaman kansa, ba k da aka ɗora wa alama ba. Dole ka zauna ka haɗa su da hannunka. Layi huɗu ne na lamba, amma sai wanda ya san matsalar zai rubuta su.

Maganar nauyi kuwa ba sai an yi musu ba, akwai ma'auni. Google sun ce babban abin da ke fuskar shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Lighthouse, wanda ke cikin Chrome kyauta, yana gwada shafinka kamar a matsakaiciyar waya da netwok mai gudun megabit 1.6, kuma ko wannan ya fi abin da manajan nan ya samu a ofishinsa. Na san MTN sun sa Kano cikin biranen farko da suka kai wa 5G a 2022. Tambayi masu sayar da waya a Farm Centre ko titin Beirut wace iri aka fi saya. A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, don haka kowane bidiyon bango daga aljihun mai kallo ake biyansa. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, duk mun ga irin shafukan da suka iya rarrafowa da waɗanda suka kwanta. Facebook ma da duk dukiyarsu sun fitar da Facebook Lite a 2015, kuma a shekarar suka ɓullo da tsarin rage wa ma'aikatansu gudun intanet ranar Talata zuwa na 2G, don su ɗanɗana abin da irinmu ke sha.

"Ni ba Sharada nake nema ba"

Wannan ita ce amsar da yaron ya ba ni, kuma tana da nauyi. Ya ce shi aikin dala yake nema, na kamfanonin waje da ake yi daga gida, su kuma abin da suke son gani ke nan. Ba zan yi masa ƙarya ba: masana'antunmu ba sa biya da kyau. Za a yi ta ciniki da kai kamar ana sayen tumatir, a biya ka rabi, ka yi wata biyu kana zarya kan cikon. Wani Alhajin ma shi da kansa zai ce a sa tambarin kamfani ya riƙa juyawa. Duk wanda ya samu aikin waje ya kama, ina taya shi murna.

Amma a duba lissafin. Mai ɗaukar aiki a Balin ko Toronto yana da ɗaruruwan fotfoliyo a gabansa, daga Indiya da Brazil da Poland, galibinsu baƙin bango da manyan haruffa, galibinsu ɗauke da manhajar odar abinci ta ƙirƙira da sake zanen Spotify da ba wanda ya nema. Yanzu ma manhajojin ƙirƙirarriyar basira na fitar da irin wannan shafin cikin mintuna. In ka shiga wannan layin kai ne na ɗari biyar. Amma ka rubuta cewa ka gina wa ma'aikata shafi cikin harsuna biyu, wanda ke buɗewa a waya mai ƙwaƙwalwar gigabayit biyu, ka bayyana yadda ka warware matsalar farashi da ta haruffa, ka nuna abin da ka gwada ya faɗi. Wannan labarin kai kaɗai ke da shi a cikin ɗari biyar ɗin. Kamfanonin da ke da hankali tunani suke saya, fotfoliyo kuma wurin nuna tunanin ne.

Ban ce a yi shafi mummuna ba, kuma ban ce motsi haramun ne ba. Ɗan motsin da ke nuna maka cewa madanni ya amsa yana da amfani. Abin da nake cewa a san dalilin kowane ado. Kuma in ado ake so, me ya sa kullum sai an aro? A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar zane don sun gaji da kwaikwayon manhajar malamansu Turawa zalla. Ba su zubar da abin da aka koya musu ba, haɗa shi suka yi da na gida. Ɗalibai ne su ma a lokacin. Mu muna da zanen bangon tsofaffin gidajen cikin birni, da aska takwas ta babbar riga, da zanen ɗaurin rini na Ƙofar Mata, da zayyanar allo, da rubutun bayan manyan motoci. Ba ina nufin a manna dagin Arewa a kowace kusurwa ba, wannan ma ya zama lalaci. Ina nufin a zauna a kalli yadda mai ɗinkin riga ke raba fili, inda ya cika da inda ya bari. Irin wannan zanen in aka yi shi da SVG 'yan kilobayit ne. Har salon haruffan ajami akwai: Alkalami na SIL, wanda aka zana bisa irin rubutun hannun Kano. Mutanen waje ne suka riga mu.

Abin da na ce ya yi

Nawa fotfoliyon na rushe shi bayan wancan zuwa Sharada. Yanzu ayyuka uku ne kawai a ciki. Kowanne na faɗi wane ne mai aikin, mece ce matsalarsa, me na yi, me ban iya ba. Hotunan na fuskar waya ne, na matse su zuwa WebP. Fuskar farko ba ta kai rabin megabayit ba, kuma lambata tana sama inda ba sai an nema ba. Ba zai taɓa cin kyauta ba. Amma na sha ganin ana buɗe shi a gabana, ban ƙara sunkuyar da kai ba.

Yaron ya ce shi ba shi da kwastoma ko ɗaya, me zai saka? Na ce lokacin baje kolin KACCIMA a titin gidan Zoo ya je ya zaga rumfunan masana'antu, ya karɓi takardun tallansu, ya nemi shafukansu a wayarsa a nan take. Zai samu wanda babu, da wanda ya mutu, da wanda lambar da ke ciki ba ta shiga. Ya zaɓi ɗaya, ya nemi izini, ya yi yini guda a shagon dilansu yana kallon yadda ake oda kafin ya buɗe Figma. In ba su ba da izini ba, ya cire suna da tambari, ya rubuta a fili cewa atisaye ne. Ƙannensa da ba su yi SIWES ba tukuna kuma su daina rububin ofisoshi masu sanyi, su nemi ofishin kasuwancin wata ma'aikata.

Jiya da daddare ya turo sabon adireshi. Bai yarda ya rabu da ƙwallon gilashin ba, ya mayar da shi wani shafi na daban da ya sa wa suna "Gwaje-gwaje", wanda sai mai so zai shiga. Fuskar farko ta buɗe a itel ɗina kafin in ƙirga biyar. Ya ƙara ɓangaren Hausa, sai dai ɗ ɗin da ke cikin kalmar "ɗalibi" har yanzu a karkace take fitowa. Ya ce salon ya shiga ransa, zai duba ko zai iya zana mata lanƙwasar da kansa. Mun yi da shi ranar Asabar zai zo da kwamfutarsa.